Jirin Miƙewa Tsaye ga Mai Raunin Zuciya: Ina Jinin Yake Tafiya?

Kawuna ya faɗi ne a tashin raka'a ta biyu ta sallar Asuba, a wani ƙaramin masallaci na unguwar Aboabo a Kumasi, inda ya daɗe yana tsayawa a sahun gaba. Liman ya ɗago daga sujada, jama'a suka miƙe, shi ma ya miƙe, sai gabansa ya yi duhu, gwiwoyi suka saki. Na gefensa ne ya tare shi. Kafin a sallame ya dawo hayyacinsa, kunya ma ta fi ciwon damunsa. Da hantsi muka kai shi kantin magani na bakin titi, aka ɗaura masa na'urar auna jini yana zaune a benci, ta nuna 116 bisa 70. Mai kantin ya yi dariya ya ce, "Baba Alhaji, ai jininka ya fi nawa kyau." Muka koma gida kowa da fassararsa. Wani ya ce yunwa ce, wata ta ce iska ce, Hajiya matarsa kuwa ta dage jini ne ya yi masa ƙaranci, a sayo maganin ƙarin jini.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye ta shi ta faɗa: ƙarfin jinin dattijo yana zaune, rana ta fito, ya sha koko da ƙosai ya huta. Sai dai ba a zaune ya faɗi ba. Shekara biyu kafin nan likita ya gaya masa zuciyarsa ta yi rauni, abin da ake kira gazawar zuciya, kuma tun lokacin yake shan ƙwayoyi iri huɗu. Mai irin wannan larura, awon da aka yi masa a zaune ba ya nuna abin da ke faruwa a jikinsa cikin 'yan daƙiƙoƙin da ke biyo bayan miƙewa, alhali a nan ake faɗuwa.

Babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5. Idan yana kwance, kai da zuciya da ƙafa duk a layi ɗaya suke, jini na zagayawa ba hawa ba gangara. Da ya miƙe, sai rabin lita zuwa lita guda ya gangara ya taru a jijiyoyin ƙafafu da na ciki. Ledar fiya wata ɗaya zuwa biyu ke nan. Jinin bai fita daga jiki ba, amma bai komo wa zuciya ba, ita kuwa zuciya ba ta iya tura abin da bai zo hannunta ba. Duk wanda ya taɓa haya a gidan bene a Kumasi ya san wannan. Ranar da ruwan famfo ya rage ƙarfi, na ƙasa suna cika bokiti, na sama famfonsu sai huci. Ƙwaƙwalwa ita ce mai ɗakin sama.

Abin da ya hana mu duka zubewa kowace safiya shi ne wasu 'yan masu gadi da Allah ya dasa a bangon manyan jijiyoyin wuya biyu da kuma babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Aikinsu su ji yadda jini ke tura bango. Da sun ji turin ya ragu sai su kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, ita kuma ta umarci zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, jijiyoyin jini su tsuke. Bugu ya ƙaru da kamar 10 zuwa 20 a minti, naman sha-raɓa ya matse jijiyoyi ya koro jini sama, kafin minti guda komai ya koma daidai. A jikin lafiyayye lambar sama, wato ta farko cikin lambobi biyu da na'urar auna jini ke nunawa, takan ɗan sauka ko ta tsaya inda take, lambar ƙasa ma har takan ɗan hau.

Tun 1996 ƙungiyoyin likitocin jijiya a Amurka suka tsayar da ma'aunin da ake aiki da shi har yau: idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko lambar ƙasa ta sauka da 10 ko fiye, cikin minti 3 da miƙewa, to jini yana faɗuwa da tsayuwa. Daga baya, a 2011, aka fayyace wasu nau'i biyu. Akwai mai saurin zuwa, cikin daƙiƙa 15 na farko, ya wuce kafin a ɗauko na'ura. Shi ne na tashi daga sujada ko daga tsuguno. Akwai kuma mai lallaɓowa, sai an wuce minti 3 ana tsaye wuri ɗaya. Shi ne ke kayar da mutum a maƙabartar Tafo ana jiran a gama binne gawa, ko a layin motar haya ta trotro a tashar Kejetia.

Sunan gazawar zuciya yana tsorata mutane, amma ba yana nufin zuciya ta tsaya ba ne. Ta kasa biyan buƙatar jiki ne sai da wahala. Lafiyayyar zuciya a kowane bugu tana fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari na jinin da ke babban ɗakinta na hagu. A wasu marasa lafiya naman ya saki, abin da take fitarwa ya koma kashi 40 ko ƙasa. A wasu kuma matsawar tana nan, amma bangon ya yi kauri ya yi tauri, ɗakin ba ya buɗewa ya cika yadda ya kamata. Hoton zuciya na eko, irin wanda ake yi a Gee, wato Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, shi ke bambance su. Kuma kada a ɗauka ciwon tsofaffi ne kawai. Wani babban bincike da aka buga a 2012, kan marasa lafiya sama da 1,000 a ƙasashen Afirka 9, ya samu matsakaicin shekarunsu kusan 52 ne, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi.

Jiki ba ya gane cewa famfon ne ya yi rauni. Ƙoda ta ga jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta ɗauka mutum ya ji ciwo yana zubar da jini, ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Jijiyoyi su tsuke dare da rana, zuciya ta yi ta gudu ko mutum yana hutawa. Wato duk dabarun da aka tanada don lokacin miƙewa an riga an ƙarar da su tun ana kwance. Masu gadin wuya kuma sun zama kamar mai gadin da ya kwana yana busa usur kowane dare, ranar da ɓarawo ya zo ba wanda ya leƙo. Idan aka haɗa da tsufa, ko ciwon suga da ya daɗe ya cinye ƙananan jijiyoyin da ke kai wannan saƙo, abin ya ƙara lalacewa.

Sannan ga magunguna, kuma a nan ne ake gaba kura baya sayaki. Lasix, wanda muke kira maganin fitsari, yana zuƙe ruwa. Lisinofiril da losatan da Entresto suna sassauta jijiyoyi. Bisofurolol da kabedilol suna riƙe linzamin zuciya kada ta yi gudu, kabedilol ma yana ƙara da buɗe jijiyoyi, shi ya sa ake cewa a sha shi da abinci. Aldactone, da sababbin nan Forxiga da Jardiance, su ma suna rage ruwa gwargwado. Akwai haɗin haidiralazin da aisosobaid, wanda wani gwaji na 2004 kan baƙaƙen fata 1,050 a Amurka ya nuna ya rage mutuwa da kashi 43 cikin ɗari, amma jiri da ciwon kai suna cikin abin da aka fi kuka da shi a kansa. Kowanne cikinsu yana karɓe ɗaya daga makaman da jiki ke kare kansa da su lokacin miƙewa. Kuma, ban da Lasix da aikinsa sauƙaƙa numfashi da kumburi ne, su ne dai magungunan da aka tabbatar suna tsawaita rayuwar mai raunin zuciya, da yardar Allah. Wanda ya watsar da su saboda jiri, garin neman gira ya rasa ido.

Akwai wani abu da ya ba ni mamaki sa'ad da na fara fahimtarsa, kuma shi ne ya sa ba a yi wa masu wannan ciwo kuɗin goro. Ba kowane mai raunin zuciya jininsa ke faɗuwa idan ya miƙe ba. Wanda ruwa ya cika masa jiki, ƙafa ta kumbura, jijiyar wuya ta taso, yana kwana a kan matashi uku ko a kujera, sau da yawa ya fi lafiyayye jure tsayuwa. Lambarsa ba ta motsawa, wani lokaci ma hawa take yi. Ka lura da mai injin niƙa a unguwa. Idan aka danƙara masa masara fiye da kima sai injin ya shaƙe, gari ya daina zuba. Da ya ɗan rage, sai ka ji murya ta washe, gari ya ci gaba da fita. Zuciyar da ta cika ta batse haka take. Miƙewa tana ɗauke mata wani ɓangare na lodin ta ajiye a ƙafafu, ɗakin ya ɗan tsuke, ƙofar cikin zuciya da ke barin jini ya yoyo baya ta fi rufuwa, jinin da ke tafiya gaba bai ragu ba. Saboda haka rashin jiri ba kullum albishir ba ne. Mai yiwuwa ruwa ne ya yi yawa.

Juya hoton kuma. An ba shi Lasix, kumburi ya sace, numfashi ya dawo, kowa ya ce alhamdulillahi. Aka ci gaba da adadin ƙwayar da aka yanka masa lokacin da yake cike da ruwa, ga zafi, ga gumi, ga rashin cin abinci. Sai a wuce gona da iri, jiki ya bushe, yanzu kuma ledar fiya wata guda da ta gangara ƙafa ta isa ta kashe famfon sama. Wanda bangon zuciyarsa ya yi tauri ya fi kowa shiga wannan tarko, don zuciyarsa sai an cika ta da ƙarfi take samun abin turawa. Tsakanin ambaliya da fari a jikinsa tazarar ba ta da yawa, kilo ɗaya ko biyu na ruwa kan iya kai shi wannan gefe ko wancan. Shi ya sa ƙwararren likitan zuciya yake kallon awon kwance da na tsaye kamar sandar auna man mota, yana gane ko tankin ya cika ko ya yi ƙasa.

Abin da ya faru da kawu ke nan. Da muka koma asibiti, wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, kwanta tukuna, kada ka yi magana." Ta bar shi minti 5, ta auna: 118 bisa 72. Ta ce ya miƙe, ta tsaya a gefensa. Bayan minti ɗaya, 92 bisa 60, yana riƙe da kafaɗata. Da likita ya bi diddigi sai zance ya fito. Makonni kafin nan kawu ya ga idon sawunsa ya ɗan tasa, ya ninka Lasix da kansa bai gaya wa kowa ba, kumburin ya tafi shi bai rage ba. Wani abokinsa ya ba shi shawarar tamsulosin saboda fitsarin da ke yi masa gardama, ya sayo yana sha da dare. Sannan ga gudawar kwana biyu, a cikin zafin Maris. Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan awo ba sai a asibiti ba. Duk gidan da ke da na'urar dantse zai iya. A kwanta minti 5 a auna, a miƙe a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3, hannu a tallafe daidai ƙirji, wani yana tsaye kusa. Da sassafe kafin magani ya fi tona asiri, sai kuma awa ɗaya ko biyu bayan an sha. A rubuta har da bugun zuciya, don shi ma yana da abin faɗa. Jini ya faɗi bugu ya yi sama sosai, galibi bushewa ce. Jini ya faɗi bugu bai ko motsa ba, ko dai jijiyoyin saƙo ne suka gaji, ko maganin riƙe linzami ne. Wanda bugunsa ba ya bin tsari, kuma suna da yawa cikin masu wannan ciwo, na'urar gida takan yi masa kuskure, sai a maimaita. A haɗa da hawa sikeli kowace safiya bayan fitsari. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ke taruwa. Raguwa da sauri tare da jiri da ƙishi, bushewa ce.

Lambar da ta yi ƙasa ita kaɗai ba laifi ba ce. Masu raunin zuciya da yawa suna yawo lafiya lau da lambar sama 95 ko 100, kuma likita ba zai taɓa maganinsu ba muddin ba jiri. Idan akwai jiri, yana da matakai kafin ya kai ga manyan magungunan. Zai fara duba ƙwayoyin da ke sauke jini ba tare da sun amfani zuciyar ba, irin su amlodifin da tamsulosin, maganin fitsarin maza. Zai rage Lasix idan ba alamar ruwa. Zai raba lokutan sha, wannan da safe wancan da dare, maimakon a watsa duka a baki lokaci ɗaya. Yana iya musanya kabedilol da bisofurolol. Abin da ba a yi shi ne yanke maganin riƙe linzami rana ɗaya, don zuciya na iya zabura.

Shawarar da za ka ji a zaure kuwa, ko ka gani a waya, ita ce a ƙara gishiri, a sha ruwa da yawa. Ga mai jirin tsayuwa wanda zuciyarsa lafiya lau, hakan daidai ne, har akwai ƙwaya mai suna fuludurokotizon da ake ba shi don ƙoda ta riƙe gishiri. Ga mai raunin zuciya, hanyar komawa gadon asibiti ce da huhu cike da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada lafiyayye ma ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙaramin cokalin shayi ke nan, mu kuwa ga kifin gishiri irin su kobi da momoni, ga dunƙulen magi, ga shito a kan waakye. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce a wajen ƙoda. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, don haka a gidan da ake riƙe da kunun kanwa da wankan jego, mai jegon da ke haki ko ƙafarta ta kumbura likita take buƙata kafin tukunyar ruwan zafi. Daikulofenak da 'yan'uwansa na ciwon jiki su ma suna sa jiki riƙe ruwa. Maganin ƙarfin maza irin Viagra kuwa, da kwalaben gargajiya da ba a san abin da aka zuba ciki ba, idan suka haɗu da aisosobaid suna iya kayar da jini ƙasa warwas. Dattawa ba sa son a ta da wannan zance, amma gara likita ya ji.

Sauran aikin yana cikin yadda ake tafiyar da yini. Asuba ta fi kowane lokaci haɗari: an kwana ruwan ƙafa yana komawa jini yana fita ta fitsari, jiki ya wayi gari a bushe. A zauna bakin gado minti ɗaya ko biyu, a motsa sawu sama da ƙasa, sannan a miƙe a dafa bango. A gidan haya inda ban-ɗaki yake can ƙarshen tsakar gida, tashi daga tsuguno cikin duhu shi ne ya fi kayar da tsofaffi. Fo a ɗaki da dare ba abin kunya ba ne. Wanka da ruwa mai zafi sosai yana buɗe jijiyoyin fata. Malmalar tuwon zafi ko fufu tana jan jini zuwa hanji, jiri ya biyo baya cikin awa ɗaya ko biyu, gara a ci kaɗan-kaɗan. Idan duhun ya taso ana tsaye, a harɗe ƙafafu a matse cinyoyi, ko kuma kawai a zauna, ko a ƙasa ne.

Salla kuwa addini ya riga ya yi sauƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Ruku'u da sujada ma suna da nasu gwajin. A 2014 likitoci suka ba wa wata alama suna, haki da ke taso wa mutum cikin daƙiƙa 30 da sunkuyawa, kamar wajen ɗaura takalmi, kuma tana nuna zuciya ta cika da yawa. Wanda sujada ke sa shi haki, da wanda tashi daga sujada ke sa shi jiri, matsalarsu kishiyar juna ce, ko da sahu ɗaya suke. Azumi a shekarun nan yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, lokacin da Kumasi ta fi zafi, ga tsayuwar tarawihi. Wasu masu ciwon da ya lafa suna iya yi idan an gyara musu lokutan magani, wasu kuma likita zai ce a'a, kuma Alƙur'ani ya ba marar lafiya rangwame. Ba a fafe gora ranar tafiya; tun Sha'aban ake wannan magana da likita.

Ba kowace faɗuwa ce ta tsayuwa ba, kuma wannan bambanci yana iya zama na rai da mutuwa. Jirin miƙewa yana yin sallama: duhu-duhu, nauyin ƙeya da kafaɗu, kunne ya toshe, kuma da an kwanta yake wucewa. Suman da ya zo ba gargaɗi, ko ya zo mutum yana zaune ko kwance, ko ana cikin aiki, ko bayan zuciya ta yi ta fat-fat, ko da ciwon ƙirji, wannan yana iya zama rikicewar bugu, kuma raunanniyar zuciya tana da saurin yin haka. Haka nan jini ya yi ƙasa tare da sanyin hannu da ƙafa, ruɗewa, ƙarancin fitsari da haki. A kira 112 ko a ɗauki mota nan take. Mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, da ya bugi kansa, ko ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, shi ma kada ya jira gobe. Akwai kuma wani ciwo da ya shafe mu musamman: wani furotin da ke taruwa a naman zuciya ya sa ta tauri, ana kiransa amiloyid. Ɗaya daga nau'o'insa na gado asalinsa Afirka ta Yamma ne, kuma kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na baƙaƙen fatan Amurka suna ɗauke da ƙwayar halittarsa. Dattijon da ya shekara da shekaru da hawan jini, sai kwatsam jinin ya sauka da kansa, ƙananan ƙwayoyi ma suna kayar da shi, ga dindiris a yatsu, ya dace a tambayi likita ko an duba wannan.

Kawu an mayar masa da Lasix yadda yake tun farko, bayan an ɗaga masa na kwana biyu. An dakatar da tamsulosin aka tura shi wajen likitan mafitsara, lisinofiril ya koma dare. Hajiya ta sayo littafin makaranta mai layi, jikarsu ta raba shafi gida uku, kwance, tsaye, kilo. Rigimar da ta rage ita ce kujera. Ya ce shi ba zai zauna a kujerar roba a ƙarshen sahu kamar wanda aka sallama ba. Limamin ne ya raba gardamar, ya sa aka ajiye masa ita a sahun gaba, daidai inda yake tsayawa, jikin bango. Yanzu yakan yi kabbarar harama a tsaye, ya yi sujada a ƙasa, idan an tashi raka'a ta biyu ya fara hawa kujerar, sai liman ya kai tsakiyar Fatiha sannan ya miƙe.